Yadda Ake Tantance Dutse Mai Daraja: Asalinsa, Na Ƙasa Ne Ko Na Haɗi, An Taɓa Shi Ko Ba a Taɓa Ba

Duk dutsen da aka ajiye maka a kan tebur, tambaya uku ce a kansa, kuma a jere ake amsa su. Wane ma'adini ne? Ƙasa ce ta haife shi ko masana'anta? An gasa shi, an cika tsagarsa, an rina shi, ko yana nan yadda aka haƙo shi? Na'urorin da ke ba da lamba galibi tambayar farko kaɗai suke amsawa, domin rubi na haɗi da rubi na ƙasa sinadarinsu ɗaya, taurinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya. Sauran biyun sai an leƙa cikin dutsen.

Launi kuwa ba hujja ba ne, kama da wane ba ta wane. Jan dutse yana iya zama rubi, sifinel, ganet, turmalin ko kwalba. Babban jan dutsen da ke gaban kambun sarautar Ingila an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana kiran sa rubi, ashe sifinel ne.

Wannan bayani ya fi dacewa da dutsen da aka yanka aka goge, wanda ba a ɗaura a zobe ko sarƙa ba.

Kayan aiki

- Gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin mai tabarau uku a haɗe, don kada gefen abin da kake kallo ya gurɓace.
- Hantsaki, ƙyallen goge tabarau marar gashi, auduga da sifirit.
- Ƙaramar tocila mai farin haske da farar takarda.
- Rifiraktomita, na'urar auna yadda dutse yake karya haske, da ruwanta mai lamba 1.81.
- Folariskof, mai nuna ko dutse yana raba haske gida biyu, da daikuroskof, mai nuna launukan da dutse ke bayarwa ta kusurwa dabam-dabam.
- Sikeli mai auna har 0.01 na karat. Karat ɗaya giram 0.2 ne.
- Ƙaramin kofin gilashi mai haske, siririn zare ko waya, da gilisarin ko man jarirai.
- Fitilar UV, hasken da ido ba ya gani, mai zango biyu, dogo nanomita 365 da gajere nanomita 254, da tabarau na kariya.
- Idan da hali: maikuroskof, matacin Chelsea (gilashi mai tace launi) da sifektiroskof (mai baje haske zuwa launuka, ya nuna layukan da dutse ya shanye).

In kuɗi bai kai ba, a fara da gilashi, sikeli da rifiraktomita. Su ukun nan suna rarrabe mafi yawan duwatsun da za su zo hannunka.

1. Tsaftace, auna, rubuta

Goge dutsen da ƙyalle, in da maiƙo ka sa ɗan sifirit. Daga nan hantsaki ne zai riƙe shi, ba yatsa ba. Ƙurar da ke bayan dutse ta sha ruɗin masu koyo su ɗauka tabon ciki ne. Kada sifirit ya taɓa lu'ulu'un teku, ofal, shuɗin dutsen turquoise ko zumurrudun da ake zaton an sa masa mai. Waɗannan ƙyalle mai ɗan danshi ya ishe su.

Rubuta nauyi, faɗi, tsayi, launi da siffar yanka tun kafin wani gwaji. Yi aiki a kan faranti mai shimfiɗar ƙyalle, don dutse yakan zille daga bakin hantsaki ya yi tsalle.

2. Kallon farko da gilashi

Kawo gilashin dab da ido, hannunka ya dafa kunci, sannan ka matso da dutsen har kusan santimita 2.5 daga gilashin. Bar idanu biyu a buɗe. Haske ya shigo ta gefen dutsen, bayansa kuma ya zama duhu. A haka abubuwan ciki suke fitowa farare a kan baƙi. Wanda ya haska tocila kai tsaye cikin idonsa ta cikin dutse ƙyalli kawai zai gani.

A wannan mataki abu biyu kake nema. Na farko alamun kwalba: ƙwayoyin iska masu zagaye, layuka masu murɗewa kamar ana dama abu mai kauri, gefunan fuskoki da suka yi laushi ba kaifi, da ɗumi idan ka ɗora a kunci, alhali ma'adini yana da sanyi. Na biyu, leƙa ta babbar fuskar sama ka dubi gefunan fuskokin ƙasa. Idan kowane layi ya rabu biyu, dutsen yana raba haske da ƙarfi, kamar zarkon, feridot ko turmalin. Sifinel, ganet, daimon da kwalba ba sa yin haka.

3. Rifiraktomita

Kowane ma'adini yana da gwargwadon yadda yake karya haske, kuma wannan lamba ita ce mafi amfani cikin duk abin da za ka auna.

Ɗiga ruwan a kan ƙarfen gefen na'urar, ɗigon da bai wuce kan allura ba, ka taɓa babbar fuskar dutsen a kai, sannan ka zame shi da yatsa zuwa tsakiyar gilashin. Hantsaki ba ya zuwa nan, gilashin na'urar mai laushi ne, ƙarce ɗaya ya isa ya ɓata karatu har abada. Haska fitila mai launin rawaya ta tagar baya. Za ka ga ma'auni, samansa da inuwa, ƙasansa da haske. Inda inuwar ta tsaya nan ne lambar.

Kada ka tsaya a karatu ɗaya. Ɗora matacin hasken na'urar a kan maleƙar ido ka juya shi. Idan bakin inuwar ya yi tsalle tsakanin wurare biyu, dutsen lamba biyu gare shi. Juya dutsen digiri 45, sake karantawa, har ka cika digiri 180. Ɗauki mafi girma da mafi ƙanƙanta cikin duk karatun, ka cire ɗaya daga ɗaya. Wannan tazarar takan raba gardamar da lambar kanta ta kasa rabawa.

Ga lambobin da ya kamata su zauna maka a ka: karyewar haske, sai lambar nauyi da za a yi bayani a mataki na 5.

- Kwaz, har da ametis da sitirin: 1.544 zuwa 1.553, nauyi 2.65
- Zumurrudu da akwamarin: wajen 1.577 zuwa 1.583, nauyi wajen 2.72
- Tofas: 1.619 zuwa 1.627, nauyi 3.53
- Turmalin: 1.624 zuwa 1.644, nauyi 3.06
- Feridot: 1.654 zuwa 1.690, nauyi 3.34
- Tanzanait: 1.691 zuwa 1.700, nauyi 3.35
- Sifinel na ƙasa: 1.718, lamba ɗaya, nauyi 3.60
- Sifinel na haɗi: 1.728, lamba ɗaya, nauyi 3.64
- Aleksandarait: 1.746 zuwa 1.755; nauyi 3.73
- Rubi da safaya: 1.762 zuwa 1.770, nauyi 4.00

Dubi tofas da turmalin: duka suna wajen 1.62, amma tazarar tofas 0.008 ce, ta turmalin ta kai 0.020. Sifinel kuma yana cikin 'yan duwatsun da lamba ke tona asirin na haɗi.

Kurakuran da aka fi yi: ruwa ya yi yawa har dutsen ya yi iyo, sai inuwar ta dushe, ruwa ya bushe, sai karatun ya ɓaci, ko a ga inuwa a 1.81 a rubuta, alhali lambar ruwan ce, ma'ana dutsen ya fi ƙarfin na'urar. Daimon, zarkon, zikoniya da moisanait (duwatsun haɗi masu kama da daimon) da dimantoid (koren ganet) duk haka suke yi. Kafin ka amince da sabuwar na'ura, gwada ta da kwaz ɗin da ka tabbatar. Ruwan na'urar guba ne, a yi aiki inda iska ke shiga, kuma a goge gilashin nan take, in ba haka ba farar wutar da ke cikinsa ta daskare a kai.

Dutse mai doro wanda ba shi da fuska shimfiɗaɗɗiya, ɗigon ya ƙara ƙanƙanta. Cire matacin, ja kanka baya kamar santimita 30, ka riƙa ɗaga kai kana saukewa har ɗigon ya rabu rabi duhu rabi haske. Lamba biyu bayan ɗigon lissafi, kamar 1.54, kawai za ka dogara da su.

4. Folariskof da daikuroskof

Folariskof matatan haske biyu gare shi, sama da ƙasa: juya matacin sama har filin ya yi duhu, sa dutsen tsakani, ka juya shi zagaye ɗaya. Idan ya zauna cikin duhu, ba ya raba haske. Idan ya yi haske sau huɗu, duhu sau huɗu, yana rabawa. Idan ya zauna da haske duk zagayen, tarin ƙananan ƙwayoyi ne, irin su aƙiƙ da jed. Gwada ta kusurwa uku, domin dutse mai raba haske yana da hanyar da in ka bi ta sai ya yi kamar ba ya rabawa.

Ganet, kwalba da sifinel na haɗi sukan nuna baƙaƙen layuka masu motsi kamar maciji, su sa ka zaci suna raba haske. Maganinsa: tsayar da dutsen inda ya fi haske, sannan ka juya matacin sama digiri 90. In hasken dutsen ya ƙaru sosai, yaudara ce, ba ya rabawa. In bai canza ba ko ya ragu, yana rabawa da gaske.

Wannan ɗan gwaji ne ya fito da ɗaya daga cikin duwatsun da suka fi ƙaranci a duniya. A 1945, a birnin Dublin, Richard Taaffe ya lura wani dutse cikin tarin sifinel yana raba haske, abin da sifinel ba ya yi. Bincike ya nuna sabon ma'adini ne, aka sa masa sunansa. Lambarsa da nauyinsa kusan na sifinel ne, ɗan rabuwar hasken nan ce kawai bambancin.

In babu folariskof, farin allon kwamfutar tafi-da-gidanka da tabarau mai tace haske sun isa: juya tabarau har allon ya yi baƙi, sa dutsen tsakaninsu.

Daikuroskof kuma tagogi biyu yake nunawa gefe da gefe. Rubi zai ba da ja mai shunayya a ɗaya, ja mai ruwan lemo a ɗaya. Safaya shuɗi da shuɗi mai kore. Tanzanait, wanda aka gano a tsaunukan Merelani na Tanzaniya a 1967, shuɗi da shunayya ƙarara. Jan dutsen da ya ba da launi ɗaya ta kowace kusurwa ba rubi ba ne. Yi amfani da hasken da ya ratsa farar takarda, ba hasken allo ba, don na allo tatacce ne, zai nuna maka bambancin da babu shi.

5. Lambar nauyi

Ita ce nauyin dutse idan aka kwatanta da ruwa mai girmansa. Hanya mafi sauƙi: auna dutsen a bushe. Ɗora ƙaramin kofin ruwa a sikeli, mayar da shi sifili. Ɗaure dutsen da siririn zare ka zura shi ya nutse, kada ya taɓa gindi ko gefe. Raba nauyin farko da lambar da sikeli ya nuna. Misali, dutse mai karat 3.20, sikeli ya nuna 0.80, amsa 4.00: rubi ko safaya.

Ɗan ɗigon sabulun ruwa yana hana ƙwayoyin iska manne wa dutsen. Maimaita sau uku. Ƙaramin dutse kuwa ba a dogara da wannan gwaji a kansa: safaya mai karat 0.50, kuskuren 0.01 kacal zai mayar da 4.00 ya koma 3.70, ka tafi neman wani ma'adini dabam.

Sai lambar haske, tazara da nauyi sun yarda da juna kafin ka rubuta suna. In ɗaya ta saɓa, koma ka sake gwadawa, ko ka duba dutsen ta gefe cikin ruwa, wataƙila haɗe-haɗe ne: ganet a sama kwalba a ƙasa, ko farin dutse biyu da koren gam a tsakani.

6. Na ƙasa ko na haɗi

Nan ne aikin yake. Kowace hanyar haɗi tana barin sawunta.

Mafi yawa a kasuwa ita ce ta narkar da gari a harshen wuta, wadda Auguste Verneuil ya bayyana a Faransa a 1902. Garin yana narkewa yana ɗiga shimfiɗa kan shimfiɗa a kan abu mai doro, don haka layukan girmansa lanƙwasassu ne kamar na faifan garmaho. Rubi ko safaya na ƙasa ba ya taɓa yin haka, layukansa miƙaƙƙu ne masu kusurwa. A rubi, rage hasken ka riƙa juya dutsen a hankali, ta kusurwa ɗaya kawai layukan ke bayyana. A safaya shuɗi, nutsar da shi cikin gilisarin a kan farar takarda mai haske a ƙasa, sai ka ga launin ya yi baka-baka. A mai launin rawaya, shuɗin gilashi tsakanin fitila da dutsen yana taimakawa. Ƙwayoyin iska, ɗaiɗai ko a tare kamar gajimare, ƙarin shaida ne.

Hanya ta biyu ita ce renon ƙwaya cikin narkakken sinadari na tsawon watanni. Tana barin farin abu kamar mayafin da iska ke kaɗawa, da ƙananan ɓarɓashin filatinam masu kusurwa uku ko shida daga tukunyar. Zumurrudun da aka yi haka lambarsa takan sauka zuwa wajen 1.561 zuwa 1.564, nauyi 2.66. Ta uku ita ce ta ruwan zafi cikin matsi, wadda ke barin zane mai kaifi jere-jere kamar haƙoran zarto. Lambobinta sukan shiga cikin na zumurrudun ƙasa, don haka zanen za ka nema.

Shaidun na ƙasa kuwa: siraran allurai masu ƙyalli da ke ratsa juna a digiri 60 da 120, waɗanda ake kira siliki, a rubi da safaya, ƙwayoyin wasu ma'adinai masu kusurwa, rami mai tsini ɗauke da ruwa, ƙwayar iska da ƙwayar gishiri a zumurrudun Kolombiya, zaruruwa kamar jelar doki a dimantoid na Rasha.

Hattara da tabon da ke kama da zanen yatsa. Ana ɗaukar rubin harshen wuta a gasa shi a tsoma a ruwa ya tsattsage, sannan a warkar da tsagar cikin sinadari, sai ta yi kama da ta ƙasa. Zanen yatsa shi kaɗai bai isa shaida ba. Haka dutsen da ya fito tas babu komai a ciki: ba a ce na haɗi ne, ba a ce na ƙasa ne, a ce ba a tantance ba.

Aleksandarait mai girma, mai tsabta, mai sauyawa daga shuɗi-toka zuwa shunayya, kusan kullum safaya ne na haɗi da aka sa wa banadiyam. Rifiraktomita za ta ba ka 1.762 maimakon 1.746.

7. An taɓa shi?

Gasa dutse shi ne ya fi yawa, kuma kasuwa ta karɓe shi muddin an faɗa. Farin safaya mai hazo na Siri Lanka ana kai shi wajen digiri 1600 zuwa 1800, silikin ya narke, titaniyam ɗinsa ya shiga jikin dutsen ya ba da shuɗi. Alamominsa: siliki ya kakkarye ya koma ɗigo-ɗigo a jere, ƙwayar ma'adini ta narke ta yi fari kamar dunƙulen auduga, da tsaga mai zagaye kamar faifai kewaye da ita. Siliki lafiyayye mai kaifi yana nuna ba a kai dutsen babban zafi ba, amma bai kore ƙaramin gashi ba.

Cika tsaga da gilashin dalma, wanda ya bazu tun 2004, wani abu ne dabam, kuma a ganina bai kamata a kira irin wannan dutse rubi kawai ba tare da ƙarin bayani ba. Juya shi a haske za ka ga walƙiyar shuɗi da ruwan lemo a tsagar, da ƙwayoyin iska da suka baje. Haska fuskar ta yadda za ta yi ƙyalli kamar madubi, za ka ga layuka marasa ƙyalli sun yi saƙa a kai. Ruwan lemon tsami ma yana cin wannan gilashi, balle wutar maƙerin zinariya.

Rinin saman safaya da titaniyam bai kai rabin milimita zurfi ba. Cikin gilisarin, gefunan fuskoki da ƙugun dutsen suna fin sauran duhu, kamar yanar gizo. Na beriliyam kuwa, wanda ya fito daga Tailan wajen 2001 zuwa 2002, yakan ratsa dutsen duka. Wani lokaci za ka ga da'irar ruwan lemo tana bin siffar dutsen, sau da yawa ba ka ganin komai.

Zumurrudu yawancinsa an sa masa mai ko ƙaro. Nemi inda tsaga ta fito fili, ka bi ta ciki: walƙiyar shuɗi ko ruwan lemo, ko wuraren da man ya bushe ya yi fari. Rini kuma yana taruwa a tsaga ya fi jikin dutsen kauri, kuma auduga mai ɗan asiton a ɓoyayyen wuri takan ɗauko launin, amma da izinin mai dutse. Shuɗin tofas kusan dukkansa an haska shi da tururin nukiliya sannan an gasa, kuma kayan tebur ba sa gano hakan.

8. Masu ƙarfafa shaida

A ɗaki mai duhu, da tabarau a ido, rubi yana yin ja a dogon zangon UV. Na harshen wuta da na Mogok a Bama suna ci sosai, na Tailan mai yawan ƙarfe kaɗan, saboda haka ƙarfin hasken ishara ce kawai. Safaya da aka gasa yakan nuna fari-shuɗi kamar alli a gajeren zango, haka ma na haɗi. Gajeren zango yana ƙona ido da fata.

A matacin Chelsea, sifinel shuɗi na haɗi da kwalba mai kobal suna yin ja, akwamarin yana yin kore. Zumurrudu da yawa suna yin ja, amma masu ƙarfe kamar na Zambiya ba lallai ba. A sifektiroskof, layi a nanomita 450 a safaya shuɗi alamar ƙarfe ce da ta fi yawa a na ƙasa, 653 na zarkon ne, 475 na jabun aleksandarait.

9. Farin dutse mai kama da daimon

Daimon mai yankan zagaye mai faɗin milimita 6.5 yana kusan karat 1. Zikoniya mai wannan faɗi tana kai wajen 1.7. Moisanait yana ruɗin na'urar gwada daimon da zafi, amma in ka leƙa ta fuskokin gefen sama, ba ta tsakiya ba, za ka ga layukan ƙasa sun rabu biyu, nauyinsa kuma 3.22 ne, na daimon 3.52. Daimon ɗin da aka reno a masana'anta daimon ne sosai, duk waɗannan gwaje-gwaje zai wuce su.

10. Inda ake tsayawa

Kada ka ƙarci dutse da fayil ko ka goga shi a gilashi, kada ka sa shi a wuta. Gwajin tauri yana ɓata dutsen, kuma na haɗi zai ci shi daidai da na ƙasa.

Akwai abubuwan da sai ɗakin bincike: daimon na masana'anta, beriliyam, ƙaramin gashi, ametis na haɗi marar tabo, ƙasar da dutse ya fito, da tagullar da ke sa a kira turmalin Faraiba, wanda ake samu a Barazil, Najeriya da Mozambik. Waɗannan suna bukatar na'urorin auna sinadari da hasken da ido ba ya gani, irin na GIA a Amurka ko SSEF da Gübelin a Suwizalan. Kafin ka aika, ɗauki hoton dutsen ta sama da ta gefe, rubuta nauyi da ma'auninsa, ka zana inda manyan tabonsa suke. Idan takarda ta dawo, gwada waɗannan da abin da aka rubuta, sannan ka duba lambar takardar a shafin intanet na ɗakin binciken, domin ana buga takardun jabu, ana kuma haɗa takarda ta gaske da wani dutse da aka yanka daidai da ma'auninta.